Tambayoyi da amsoshi kan diraf ɗin Eagles ta Filadelfiya: ihun magoya baya da makin masana

Duk ƙarshen watan Afrilu tambayoyin nan ne dai ke dawowa a fadojin Zinder inda ake da masu bin ƙwallon Amurka, wannan ta NFL mai siffar ƙwai da ake ɗauka da hannu. Masu binta ba su da yawa a garin nan amma wallahi akwai gardama, kuma da yawansu Eagles suke so, wasu don koren kaya da gaggafa sun tuna musu da Super Eagles, wasu kuma tun kofin 2018 suka shigo. Ga tambayoyin da aka fi maimaitawa, na sa musu lamba don a ji sauƙin komawa baya.

1. Wai shi diraf ɗin nan mene ne takamaimai?

Taro ne na kwana uku da ake yi sau ɗaya a shekara, inda ekip 32 na NFL ke zaɓen sabbin 'yan wasa daga jami'o'in Amurka, ɗaya bayan ɗaya, kowa da layinsa. Zagaye 7 ne. Ranar Alhamis zagaye na farko kaɗai, Juma'a na 2 da na 3, Asabar kuma a ƙarasa daga na 4 zuwa na 7, jimilla mutum ɗari biyu da hamsin da wani abu. Yaro ba ya shiga sai ya yi shekara uku da gama lise, shi ya sa kusan dukansu daga ƙwallon jami'a suke fitowa.

Abin ma daga Filadelfiya ya samo asali. Bert Bell, mai Eagles na lokacin, shi ya kawo shawarar don ya gaji da ganin masu kuɗi na kwashe yaran kirki, aka yi na farko a 1936 a garin, Eagles ce ta fara zaɓe ta ɗauki Jay Berwanger, shi kuma bai taɓa buga wasa ko ɗaya a NFL ba. Kun ga tun ranar farko abin da ciwon kai ya fara.

2. Wa ke fara zaɓe?

Wadda ta fi kowa shan kashi a kakar da ta wuce ita ke fara zaɓe, wadda ta ci Super Bowl, wato wasan ƙarshe na cin kofin NFL, ita ce ta 32. Mu da muka saba da sampiyonan Turai abin na ba mu mamaki, don can na ƙarshe faɗuwa yake zuwa rukuni na biyu, a NFL kuwa babu faɗuwa, lada ma ake ba ka. Manufar dai kar ekip ɗaya ta daɗe a sama wata ta daɗe a ƙasa.

3. To ba sayen ɗan wasa kenan kamar merkato?

Babu. Ba a biyan jami'a ko dala, kuma ekip ba ta sayen ɗan wasa daga wata ekip da tsabar kuɗi irin yadda PSG ta zube yuro miliyan 222 kan Neymar a 2017. Abin da ake ciniki da shi su ne lambobin zaɓen kansu: in ba ka lamba 10 tawa da wata ta baɗi ka ba ni lamba 9 taka, ko in ba ka lamba ka ba ni ɗan wasan da ya riga ya ƙware. Haka Eagles ta samu A.J. Brown a daren diraf na 2022, ta miƙa wa Tennessee lamba 18 da wata ta zagaye na 3.

Shi kuma yaron ba shi ke zaɓen inda zai je ba, wadda ta kira sunansa ita ke da haƙƙin ƙulla kwantiragi da shi. Akwai 'yan ƙalilan da suka murje ido, kamar Eli Manning da ya nuna ba ya son San Diego a 2004 har aka musanya shi zuwa Giants a ranar, amma wannan sai wanda ya isa, yaron zagaye na 5 bai isa ya yi ba.

4. Me ya sa ake cewa magoya bayan Eagles sun fi kowa ihu a ranar diraf?

Saboda 1999. Eagles na da lamba 2, mutanen gari kuwa sun riga sun ƙulla a ransu Ricky Williams suke so, mai ɗaukar ƙwallo ya ruga da ita wanda ya yi tashe ƙwarai a jami'ar Texas. Wani gungu ya yi takakka har Niyok inda ake taron, da aka kira sunan Donovan McNabb sai suka ɓarke da ihun ba ma so, yaro na kan dandamali riƙe da riga ga iyalinsa na kallo. Sabon koci Andy Reid bai ko kula su ba. McNabb ya yi kaka 11 a Eagles a matsayin kwatabak, wato mai jefa ƙwallo kuma jagoran hari, ya kai su wasan ƙarshe na ɓangaren NFC, ɗaya daga ɓangarori biyu na NFL, sau biyar, ya kai su Super Bowl na Fabrairun 2005 inda Patriots ta doke su 24 da 21.

Amma a yi musu adalci, ihu a diraf ba nasu ba ne su kaɗai. Shugaban NFL Roger Goodell duk shekara in ya hau dandamali sai an yi mishi ihu, ko a wane gari ne, har abin ya zama kamar al'ada shi ma dariya yake.

5. Su wa ne waɗannan masanan, kuma mene ne A da F da suke rabawa?

'Yan jarida ne da tsofaffin masu farautar 'yan wasa waɗanda aikinsu kenan shekara da shekaru, kallon bidiyon wasannin jami'a da jera yara daga na ɗaya zuwa na ɗari da wani abu. Wanda ya fi suna shi ne Mel Kiper na ESPN, tun 1984 yake wannan sana'a a tele. Akwai Daniel Jeremiah na NFL Network, shi ya taɓa yi wa Eagles ɗin kanta aikin farautar yara kafin ya koma sharhi. Watanni kafin ranar suke fitar da hasashe, wane zai je ekip kaza, su sake shi su kuma sakewa.

Makin kuwa irin na lekol ɗin Amurka ne, A shi ne sama F shi ne faɗuwa, mu da muka saba da maki kan 20 sai ku ɗauka A wajen 18 ne, F kuma wanda ake ɓoye wa baba. Da an gama diraf, wani lokaci ma kafin yaro ya sauka daga dandamali, makin ya fito. Ko yana da amfani, duba ta 6.

6. To makin nan a yarda da shi ko a watsar?

Ga abin da ya kamata a gane: masani ba ƙwarewar yaro a NFL yake aunawa ba, don yaron bai buga ko minti ɗaya ba tukuna. Abin da yake aunawa shi ne ko ekip ta bi jerin da shi ya rubuta. In ya sa yaro na 15 aka ɗauke shi a lamba 30 sai ya ce an yi tsintuwa, A. In ya sa shi na 60 aka ɗauke shi a 30 sai ya ce an yi gaggawa, D. Kenan makin na gaya maka nisan da ke tsakanin ra'ayinsa da na manaja ne kawai. Kamar mutum ne ya tsaya bakin gona ranar shuka yana ƙidaya maka damman hatsin da za a ɗaure, alhali ruwa na biyu ma bai sauka ba.

Misalin da kowa ke kawowa shi ne Seattle a 2012, masana da yawa sun zuba mata maki maras kyau, a cikin yaran da ta ɗauka kuwa akwai Bobby Wagner da Russell Wilson, Fabrairun 2014 suka ɗauki Super Bowl. A Eagles ma an ga haka da Jalen Hurts, labarinsa na ta 9.

Ni dai shawarata kar ka tsaya kan harafin, karanta dalilin da ke ƙarƙashinsa. In masani ya ce yaron nan ya taɓa tsinka jijiyar gwiwa, ko yana yawan sakin ƙwallo in an matse shi, ko da ƙananan jami'o'i kaɗai ya kara, wannan bayani ne na gaske da za ka iya bibiya daga baya, kuma sun fi mu sanin shi nesa ba kusa ba don su sun zauna sun kalli bidiyon mu kuwa guntayen YouTube muke gani, waɗanda ba a sa komai ciki sai inda yaro ya burge.

7. Kenan kullum magoya baya da masana ne ke kuskure, manaja ke da gaskiya?

A'a fa! Kar wani ya ɗauki labarin McNabb ya mai da shi doka. A 2020 Eagles na neman mai cafe ƙwallo, lamba 21 ta zo, Justin Jefferson na nan ba a ɗauke shi ba, kusan kowa daga 'yan tele har mai kallo a gida ya ɗauka shi za a kira, sai aka ji Jalen Reagor. Minnesota da ke biye a lamba 22 ko numfashi ba ta tsaya yi ba ta ɗauke Jefferson. A kakarsa ta farko ya ci yadi 1,400 na fili da ƙwallayen da ya cafe, a 2022 aka ba shi kyautar gwarzon 'yan hari na NFL duka. Reagor kuwa kaka biyu ya yi aka musanya shi, kuma abin dariya Minnesota ɗin aka tura shi. A nan masu ihu su ne da gaskiya ɗari bisa ɗari, kuma har yau in kana son ɓata wa ɗan Eagles shayi to ambaci wannan dare.

Ga kuma 2011, da suka ɗauki Danny Watkins a lamba 23, ɗan Kanada mai shekara 26 wanda aikin kashe gobara ya fi kwanta mishi a rai. Mutane sun yi ƙorafin shekarunsa tun a daren, kaka biyu aka sallame shi, daga baya ya koma aikin da yake so.

8. Sai yaushe ake iya cewa zaɓi ya yi kyau ko ya lalace?

Abin da aka saba faɗa shi ne a jira kaka uku, ni ma a nan nake, amma Brandon Graham ya nuna wani lokacin ukun ma ba ta isa ba. Eagles ta haura sama ta ɗauke shi a lamba 13 a 2010, magoya baya Earl Thomas suke so, Seattle ta ɗauke Thomas a lamba 14 ya zama tauraro nan da nan. Graham ya ji ciwo a gwiwa a kakar farko, shekaru ana kiransa asara ana mishi gori da Thomas. Sai ga Super Bowl na Fabrairun 2018, saura minti biyu da 'yan daƙiƙu, shi ne ya bugi hannun Tom Brady, kwatabak ɗin Patriots, ƙwallo ta faɗi Eagles ta tsince, aka tashi 41 da 33, Super Bowl na farko a tarihin ekip ɗin. Kaka 15 ya cika sanye da koren kaya a lokacin da suka ci na biyu.

Akwai kuma akasin haka, wanda ya fara da kyau ya ƙare da rigima, shi ne Carson Wentz, yana ta 9.

9. Ekip ta ɗauki wanda take buƙata ne ko wanda ya fi kowa iyawa?

Wannan ita ce gardamar da ba ta mutuwa. Magoya baya kusan kullum buƙata suke kallo, ina ne ramin da ya sa muka sha kashi bara, a toshe shi. Babban manajan Eagles Howie Roseman kuwa ba ya jin kunyar ɗaukar mutum a gurbin da ya riga ya cika. A 2020, bayan Reagor, ya ɗauki Jalen Hurts a zagaye na 2 lamba 53, alhali akwai Wentz wanda aka ɗauka lamba 2 a 2016 kuma aka sabunta mishi kwantiragin dala miliyan 128 a 2019. Gari ya ɗauki zafi, masana na tambaya wa ke ɓarnar lamba 53 kan mai zaman benci, magoya baya na cewa ga ramuka a baya an bari.

A wannan kakar Wentz ya rikice, aka zaunar da shi, 2021 aka tura shi Colts. Hurts ya kai su Super Bowl na 2023 suka faɗi hannun Kansas City 38 da 35, ya sake kai su a Fabrairun 2025 suka rama 40 da 22, shi aka ba gwarzon wasan. To amma ku lura, mutum ɗaya ne ya zaɓi Reagor da Hurts a diraf ɗaya, kwana ɗaya tsakani, don haka mai cewa Roseman gwani ne da mai cewa sa'a ce kowa na da abin kamawa.

10. Me ya sa suka riƙa kwasar yaran jami'ar Georgia?

A 2022 da 2023 sun ɗauki biyar daga masu tsaron bayan Georgia: Jordan Davis, Nakobe Dean, Jalen Carter, Nolan Smith da Kelee Ringo. Georgia ce ta ci kofin jami'o'i kaka biyu a jere a lokacin, bayanta kuwa kamar bango, to ka ɗauko waɗanda suka saba da juna kuma suka kara da manya. Wanda ya fi jawo magana shi ne Carter, da ake ganin zai fita cikin na farko-farko amma shari'ar tuƙin ganganci ta sa ekip da dama suka ja baya, Eagles ta matsa daga 10 zuwa 9 ta ɗauke shi. A nan masana sun yaba, sai dai ƙorafin hali da wasu suka yi.

11. Ranar Asabar, zagaye na 6 da na 7, akwai abin kallo kuwa?

Yawancin waɗanda ake kira a nan ba sa daɗewa, wasu ma ba sa shiga cikin 53 da ekip ke riƙewa in kaka ta fara, wannan gaskiya ce. Sai dai Eagles ta ci riba a nan fiye da yadda ake zato. Jason Kelce zagaye na 6 ne a 2011, shekarar Watkins ɗin nan na tambaya ta 7, aka ce ya yi ƙanƙanta, ya ƙare yana cikin fitattun da suka taɓa riƙe tsakiyar layi. Jordan Mailata kuma ɗan Ostireliya ne mai wasan rugbi, bai taɓa buga ƙwallon Amurka ba a rayuwarsa aka kira shi a zagaye na 7 a 2018, suka zauna suka koya mishi daga farko, yau shi ke tsare wa Hurts gefen hagu.

A wajen Eagles kowa ya san Brady lamba 199 ne a 2000 kuma ya ci Super Bowl 7, ga Brock Purdy da ya zama na ƙarshe ƙaf a 2022, lamba 262, ya kai San Francisco wasan ƙarshe.

12. Gwajin gudun nan da ake nunawa fa?

Gwaji ne da ake yi wa yaran kafin diraf, a Indiyanapolis ake yinsa wajen ƙarshen Fabrairu, a auna tsawo da nauyi, a ɗaga ƙarfe, a yi tsalle, likitoci su duba, sannan gudun yadi 40, kusan mita 36 da rabi. Magoya baya na son shi don lamba ce mai sauƙin gardama. John Ross ya yi daƙiƙa 4.22 a 2017, Cincinnati ta ɗauke shi lamba 9, bai yi abin kirki ba. Lamba 10 a wannan shekarar Patrick Mahomes ne, kwatabak ɗin Kansas City da ya zama babban tauraro.

13. Ina ruwan kuɗi da lambar da aka kira mutum?

Tun 2011 albashin sabbin shiga a ƙayyade yake bisa lamba, kwantiragin shekara huɗu, 'yan zagaye na farko kuma ekip na da damar ƙara musu ta biyar. Kafin nan abin ya wuce hankali, Sam Bradford a 2010 an lamunce mishi dala miliyan 50 bai taka fili ba. Tunda kowace ekip akwai iyakar abin da za ta kashe kan albashi, dala miliyan 279.2 a 2025, yaro mai kyau a kan albashi mai araha shi ne babbar riba. Hurts ya kai Eagles Super Bowl na 2023 yana kan kwantiragin ɗan zagaye na 2, rarar kuɗin aka zuba kan wasu, sai a 2023 ya sa hannu kan miliyan 255 na shekara biyar. Shi ya sa lalacewar zaɓin zagaye na farko ke da zafi, ramin na nan kuma sai ka sayi mai tsada ka toshe.

14. Akwai 'yan Afirka da ake ɗauka?

Sosai. Christian Okoye haifaffen Enugu, Kansas City ta ɗauke shi zagaye na 2 a 1987, a 1989 ya fi kowa yadin gudu da ƙwallo a NFL. Ezekiel Ansah na Gana lamba 5 ne a 2013, Detroit. A Eagles akwai Moro Ojomo haifaffen Legas, zagaye na 7 a 2023, yana cikin waɗanda suka ci kofin 2025. Dukansu dai ta jami'ar Amurka suka bi. Ga wanda bai bi ta nan ba akwai shirin NFL na 'yan ƙasashen waje da aka fara a 2017, wanda Mailata ya shigo ta cikinsa, kuma Osi Umenyiora, tsohon ɗan Giants mai asalin Nijeriya, shi ke jan ragamar neman yara a Afirka, sun yi sansani a Gana a 2022.

15. Za a iya irin wannan tsari a sampiyonan Nijar?

Da wuya ƙwarai. Diraf na tsayawa ne kan abu biyu da ba mu da su: ƙwallon jami'a mai ƙarfi da ke tace yara a gaban kyamara, da rukuni rufaffe wanda ba a faɗuwa kuma ekip ke raba kuɗin tele tsakaninsu. A nan yaro daga filin unguwa yake tasowa, ko Birni ko Zengo ko Karkada, wani koci ya gan shi ya kai shi Espoir ta nan Zinder, in ya yi fice ekip ɗin Yamai irin su Sahel ko AS FAN su janye shi, daga nan kowa waje yake hange. In ka ce wa yaro dole sai ekip ta ƙarshe zai je kuma albashin ba tabbas, washegari za ka ji ya tsallaka Kano.

16. Ƙarfe nawa ake kallo a nan Zinder?

Zagaye na farko ƙarfe 8 na dare yake farawa agogon Niyok, wato ƙarfe 1 na daren Alhamis wayewar Juma'a a wajenmu. Na Juma'a sha biyun dare, na Asabar kuwa ƙarfe 5 na yamma, shi ne mai sauƙi. Lokacin tsakiyar zafi ne dama mutane na kwance waje, sai dai a cika waya da caji tun da rana saboda kuran, kuma in forfe bai da yawa a bar bidiyo a bi sunayen a rubuce a shafin NFL, suna fitowa nan take. In Eagles ta yi kaka mai kyau to lambarta can ƙasa take kamar yadda aka faɗa a ta 2, a 2025 sai a lamba 31, bayan sun yi musanya sun matsa daga 32, suka kira Jihaad Campbell, gab da kiran assalatu.